Babi na Shida: Masu Awon Ƙasa da Masu Karanta Ta Daga Sama

A cikin shekarar 1824, sa'ad da Kyaftin Kilafaton, Baturen Birtaniya, ya sauka Sakkwato ya gai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, babbar buƙatar da ta fito da shi daga ƙasarsu, ta ratsa da shi Sahara tun daga Tarabulus, ita ce ya san inda kogin Kwara ya nufa da inda ya zuba. Kuma cikin abubuwan da ya koma gida da su har da wata taswira da aka zana masa a fadar Sarkin Musulmi, mai nuna kogin da garuruwa da ƙasashen da ke kewaye, wadda aka buga a Landan a 1826 cikin littafin labarin tafiyar. Wanda ya karanta Infaƙul Maisuri ba zai yi mamakin wannan ba, domin da siffanta ƙasashen Tukururu da al'ummunsu Bello ya buɗe littafin nan nasa, kafin ya shiga tarihin jihadi. Hanya ce da malaman Musulunci suka daɗe da takawa, tun zamanin su Idrisi, wanda ya kammala littafinsa na labarin ƙasa da taswirorinsa a tsibirin Sisili a 1154.

Na kawo wannan labari a farkon babin nan saboda wani zato da na sha ji a bakin samarinmu, cewa wai awon ƙasa da zanen taswira sana'a ce ta Turawa wadda ta biyo mulkin mallaka, ba mu da gado a cikinta. Kayan aikin dai baƙi ne, wannan babu musu. Amma ita buƙatar, tsohuwa ce a wurinmu kamar noma da kiwo. Duk wanda ya taɓa halartar rabon gadon gona ya ga yadda wakilin alƙali yakan fita da dattawan gari, a bi iyaka da ƙafa, a ce daga kukar nan zuwa surin can, a biyo layin gamba har bakin kwari, sa'an nan a auna da igiya ko da taki, a fitar wa kowane magaji da rabonsa. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan harimin rijiya da na gari, da hukuncin wanda ya raya mataccen fili, da hurumin da shugaba ke keɓe wa dabbobin jama'a. Ardo ya san burtali tun daga mashekari har mashaya, ya san inda ya ƙuntata da inda ya buɗe. Wato taswira tana nan tun da daɗewa, sai dai a ƙirjin dattawa take ajiye. Kuma ƙirjin dattijo ma'aji ne da mutuwa ke rufewa, alhali jama'a na ƙaruwa, gonaki na tsagewa gida-gida, birane na haɗiye karkara, har ya zamana abin da shaidar mutum biyu ke warwarewa a da, yau sai an kai ga kotu, wani lokaci ma sai an kai ga zubar da jini.

To, abin da zamani ya zo da shi ido ne na uku, wanda ke kallo daga sama. A ran 23 ga Yulin 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan Adam na farko cikin jerin da ake kira Landsat, kuma daga ranar nan har yau ba a daina ɗaukar hoton doron ƙasa ba. Irin na yanzu yana kewayawa a nisan kimanin kilomita 700, yana komowa kan wuri guda duk bayan kwana 16, kuma kowane ɗigo a hotonsa yana daidai da fili mai faɗin mita 30 da tsawon mita 30. A 2008 aka buɗe taskar hotunan nan kyauta ga kowa, sa'an nan ƙasashen Turai suka ƙara da nasu taurarin, Sentinel, waɗanda ɗigonsu ya kai ƙanƙantar mita 10. Hikimar da ke cikin al'amarin ita ce na'urar tana ganin hasken da idon mutum ba ya gani. Ɗanyen ganye yana shanye jan haske, yana kuma mayar da wani haske ɓoyayye da ke gaba da ja. Idan aka gwama ma'aunin biyu, sai a san inda shuka ta yi kyau da inda ƙishirwa ta kama ta, tun kafin manomi ya ga gero ya fara lanƙwashewa. Ruwa kuwa shanye wannan ɓoyayyen haske yake yi, don haka tafki da ambaliya sukan fito baƙi ƙirin a hoto. Akwai ma taurari masu aiki da rada, waɗanda gajimare ba ya tare musu gani, kuma su ne abin dogaro a tsakiyar damina. Nijeriya ta kafa hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a 2003, ta ƙara da biyu a 2011, tana kuma da cibiyar nazarin hotunan taurari a Jos.

Tafkin Chadi shi ne misalin da kowa ke kawowa, kuma ya cancanta a kawo shi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan fari na shekarun 1970 da na 1980 sai ya janye har ya rasa kusan kashi tara cikin goma na shimfiɗarsa, ya rabu biyu, ɓangaren arewa da na kudu, ya bar babban aikin noman rani da aka gina a yankin Marte da magudanai a bushe. Jeranta hotunan shekara da shekaru ne ya nuna wa duniya wannan, kuma su ne daga baya suka nuna cewa tafkin bai ci gaba da ƙafewa kai tsaye ba, yana cika yana ja gwargwadon ruwan da kogin Shari da Logon suka kawo, da yawansa kuma yana ɓoye a ƙarƙashin ciyayi. Haka nan fadamun Haɗejia da Nguru: bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tsarin malalar ruwa ya sake, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa suka nutse, wasu suka bushe, kuma babu yadda za a yi adalci tsakanin mai noman rani a Kadawa da masunci a Nguru da makiyayi a Gashuwa sai an san ruwan nan ina yake zuwa, nawa ne, a wane wata.

Amma labarin da ya fi zama mini hujja a kan abin da nake son faɗa a babin nan daga Nijar ya fito, daga ƙasar Maraɗi da Damagaram. Bayan yunwar tsakiyar shekarun 1980, manoman wuraren nan suka fara barin tohon da ke fitowa daga kututturan itatuwa a gonakinsu. Maimakon su sassabe shi duka kamar yadda aka saba, sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, su sare sauran, su yi ta gyara shi har ya zama itace. Suka kira abin sassaben zamani. Gawo ne suka fi bari, saboda halinsa na zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma yi ganye da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci, su kuwa su bar wa gona taki. Abin ya yi ta yaɗuwa daga gona zuwa gona, daga ƙauye zuwa ƙauye, kusan shekara ashirin, alhali masana a manyan biranen duniya suna ta rubuta cewa hamada na cinye Nijar. Taurari suna wucewa ta kan gonakin nan duk bayan kwana 16, amma itace ɗaya tilo a tsakiyar gona ya fi ƙanƙanta da a gane shi a ɗigo mai mita 30, kuma ba wanda ya yi tunanin ya nema.

Sai bayan shekarar 2000, da labari ya fito daga bakin waɗanda suka taka gonakin da ƙafarsu, masana irin su Mahamane Larwanou na Nijar da Chris Reij na Holan suka bi ƙauyukan Magarya da Matamai da Mirya suna tambayar manoma suna ƙirga itatuwa, Gray Tappan na hukumar nazarin ƙasa ta Amurka kuma ya ɗauko tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 ya jera su da sababbi masu kaifin gani, sa'an nan haƙiƙa ta bayyana: wajen hekta miliyan 5 na gonaki sun sake yin itatuwa, adadin da aka ƙiyasta ya kai miliyan 200, ba tare da an dasa su ba. Ka duba wannan al'amari da kyau, ya kai mai karatu. Na'urar da aka kashe dukiya mai yawa aka harba sama ba ta ba da labari ba sai da aka gaya mata inda za ta duba, kuma wanda ya san inda za a duba shi ne wanda ya ji Hausa, ya zauna a gindin gawo da mai gona, ya san bambancin gonar da aka bari ta huta da wadda aka yi wa sassaben zamani. Da ɗan gari akan ci gari. A nan ne nake ganin rabon samarinmu da 'yan matanmu yake cikin wannan fanni, domin hoton kowa na iya saukar da shi daga ko'ina a duniya, amma fassararsa sai wanda ya san ƙasar.

Irin wannan darasi ya sake maimaituwa a yaƙin da aka yi da cutar shan inna a Arewacin Nijeriya. Da farko ma'aikatan rigakafi da taswirar hannu suke fita, wadda wani ya zana da biro bisa abin da ya tuna, don haka rugage da ƙananan unguwanni da yawa ba sa ciki, wasu kuma kowace mazaɓa tana zaton na maƙwabciyarta ne. Daga wajen 2012 aka shiga zana kowane matsuguni daga hotunan taurari, aka kuma riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu rubuta sawunsu, ta yadda da yamma za a ɗora sawun a kan taswira a ga inda aka shiga da inda aka tsallake. Kano ce cibiyar aikin, kuma ƙungiyar eHealth Africa na cikin waɗanda suka riƙe shi. Sai dai hoto yana nuna rufin ɗaki ne, ba ya faɗin sunan gari. Sai da aka tura matasa a kan babura, tare da 'yan jagora daga wurin dagatai da masu unguwanni, suka bi matsugunan ɗaya bayan ɗaya suna rubuta sunayensu. A watan Agustan 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, kuma taswirorin nan sun ci gaba da amfani a wasu ayyukan lafiya da ƙiyasin yawan jama'a.

Malaman hadisi ba sa karɓar riwaya sai sun binciki isnadinta: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun yi zamani ɗaya, mai kiyayewa ne ko mai mantuwa. Ban san wata tarbiyya da ta fi wannan dacewa da mai aikin taswira ba. Kowane ɗigo da kowane layi a taswira riwaya ce, kuma wajibi ne a san wa ya auna shi, da wace na'ura, a wace rana, a kan wane ma'auni. GPS ɗin da ke cikin wayar hannu yana iya kuskuren mita uku ko biyar, abin da ba ya cutar da mai neman rijiyar burtsatse, amma yana iya haɗa 'yan'uwa faɗa in aka kafa iyakar fili da shi. Na'urar safiyo ta ainihi kuwa kuskurenta bai wuce 'yan santimitoci ba. Haka kuma tsofaffin taswirorin Nijeriya an gina su ne a kan ma'aunin da tushensa ke Minna, GPS kuma da ma'aunin duniya yake aiki, kuma wanda ya haɗa su bai daidaita ba zai ga gida ya matsa gomman mitoci ya hau kan titi. Hoton da aka ɗauka a watan Maris da wanda aka ɗauka a Satumba, in aka jera su, sai jahili ya rantse an yi dashen daji, alhali damina ce kawai ta sauka. Kwamfuta ba ta ƙin zana ƙarya. Za ta fitar da ita da launuka masu kyau, a buga ta a rataye a ofis, a yanke hukunci da ita.

Yanzu sai mu komo ga tambayar da na san ita ce a ran saurayi ko budurwar da ke karanta wannan littafi, wato ina abincin yake. Tsohuwar ƙofa, wadda har yanzu ta fi kowace tabbas, ita ce ta safiyo. A Nijeriya babu mai sa hannu a takardar awon fili ta karɓu a hukumance sai wanda majalisar SURCON, wadda aka kafa a 1989, ta yi wa rajista, bayan ya yi karatun fannin, ya yi zaman koyo a ƙarƙashin wanda ya riga shi, ya kuma ci jarrabawar majalisar. Hanya ce mai tsawo, amma wanda ya kai ƙarshenta yana da sana'ar da ba ta yankewa matuƙar ana gina gida, ana fasa titi, ana haƙar ma'adinai, ana jan wutar lantarki. Ana koyar da fannin a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Fasaha ta Minna, da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, da Kwalejin Fasaha ta Kaduna, da kuma uwar makarantun awo ta tarayya da ke Oyo, wadda asalinta ke komawa 1908. A Ile-Ife akwai cibiyar AFRIGIST, wadda aka kafa a 1972, mallakar ƙasashe takwas ciki har da Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru, tana koyarwa da Ingilishi da Faransanci. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana horar da masu sa ido a kan damina da amfanin gona da makiyaya a ƙasashen Sahel.

Sabuwar ƙofar kuwa ta fi faɗi, kuma ba ta tambayar mutum sunan digirinsa da tsanani. Ita ce ta sarrafa bayanan wurare da kwamfuta, abin da ma'abota sana'ar ke kira GIS: a ɗauko taswirar koguna, a ɗora mata ta tudu da kwari, a ɗora ta gidaje, a ɗora ta asibitoci, kamar mai jera faifai a kan faifai, sa'an nan a yi wa tarin tambaya, a ce in ruwa ya tashi mita biyu gida nawa zai ci, kuma wace makaranta ce ke kan tudu da za a kai mutane. Ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, da ɓallewar madatsar Alau da ta shanye Maiduguri a Satumban 2024, sun nuna cewa wannan tambaya ta rai da mutuwa ce. Wanda ya karanta labarin ƙasa, ko aikin gona, ko gandun daji, ko kiwon lafiyar al'umma, ko tsara birane, in ya ƙara da wannan ƙwarewa, ya fi wanda ya san kwamfuta kaɗai daraja, domin ya san abin da zai tambaya. Jihohi sun buɗe hukumomin rajistar filaye na zamani, Abuja ta fara a 2003, Kaduna da Kano da Nasarawa da wasu suka biyo. Hukumar ƙidaya ta yanka ƙasa gunduwa-gunduwa da hotunan taurari. Hukumomin ruwa da na yanayi da na agajin gaggawa duk suna buƙatar masu taswira. Wata dokar Nijeriya ta 1992 ta wajabta a binciki illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, kuma babu rahoton irin wannan bincike da ke cika ba taswira. Ko a musibar gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta ci rayukan ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum, sai da aka auna ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya aka zana inda guba take kafin a san wadda za a kwashe. A Nijar kuma, tun da aka kafa dokar karkara ta 1993, kwamitocin filaye na aikin shata burtaloli da makiyaya da mashayu, suna kafa musu turaku, aikin da ba ya yiwuwa sai da mai awo da mai zane.

A ƙarƙashin waɗannan akwai matakin da yawancin matasa ke fara shiga ta kansa, wato tattara bayanai a fili da waya ko ƙaramar kwamfutar hannu, a tsaya a bakin rijiya ko a ƙofar asibiti a ɗauki lambar wurin da hotonsa a cika tambayoyi. Kada a raina shi. Wanda ya yi shekara yana wannan aiki da idonsa buɗe ya san yadda kuskure ke shiga bayanai, sanin da zai amfane shi duk ransa. A nan mata suna da fifikon da ba a cika faɗa ba, domin akwai gidaje da yawa a ƙasarmu da namiji baƙo ba ya wuce zaurensu, kuma abin da ya shafi ruwan sha da makamashi da lafiyar yara a cikin gida ake samun gaskiyarsa. A saman tsani kuma akwai masu rubuta wa kwamfuta umarni da harshen Python, waɗanda ke sa ta tace hotuna dubu a dare ɗaya, da masu tuƙa ƙananan jirage marasa matuƙa, aikin da a Nijeriya sai da izinin hukuma ake yinsa, kuma wanda ya yi gangancin tashin jirgi ba izini a wannan zamani na rashin tsaro ya jawo wa kansa abin da ba zai iya ɗauka ba.

Ba zan ɓoye wa mai karatu wahalar al'amarin ba, domin nasiha ba ta cika sai da faɗin ɗaci. Guraben gwamnati kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa. Ayyukan ƙungiyoyin agaji suna biya da kyau, amma na wa'adi ne, in kuɗin mai bayarwa ya yanke sai aiki ya tsaya, kuma na ga samari masu hazaƙa da suka saba da albashin shekara biyu suka wayi gari ba su da komai sai kwamfutar da ke hannunsu. Wutar lantarki ba ta zama, kuɗin intanet yana cin aljihu, hoton tauraro guda kuma yana da nauyin da zai cinye abin da ɗalibi ya saya na mako. Akwai dazuzzuka a Zamfara da Katsina da Borno da Tillaberi inda fita da na'urar awo kasada ce da rai. Sa'an nan akwai wata cuta da ta kama makarantunmu, ta yaye ɗalibi ya haddace ma'anar kowace kalma ta fannin amma bai taɓa kammala taswira guda da hannunsa ba. Kuma masu ɗaukar aiki a wannan sana'a, kafin su dubi takardar shaida, cewa suke yi nuna mana abin da ka taɓa yi.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina shi ne amana. Dokar filaye ta Nijeriya ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, takardar shaidar mallaka kuma a kan awo take tsayuwa. Saboda haka mai awo shaida ne, alƙalaminsa yana iya tabbatar wa marayu gonar ubansu, yana kuma iya shafe ta. In burtali bai fito a taswira ba, a idon hukuma babu shi, ko da kakannin kakanni sun bi ta kansa da shanunsu. In aka zana fadama aka rubuta mata fili marar amfani saboda an ɗauki hotonta da rani, matan da ke yankar kaba da masuntan da ke jiran malala sun rasa haƙƙinsu ba tare da an taɓa jin ta bakinsu ba. Hurumin gari da maƙabarta da filin idi da hanyar ruwa, sau nawa muka ga an yanka su fuloti-fuloti, kuma kowane fuloti da takardar awonsa da sa hannun wani mai ilmi a ƙasa? Za a zo wa matashi da kuɗi a ce ya matsar da layi taki goma, za a ce masa ba wanda zai sani. Shaidar zur tana cikin manyan kaba'irai, kuma ban ga dalilin da zai sa hukuncinta ya sauya don an yi ta da kwamfuta ba. Haka nan bayanan da ke nuna gidan kowa da rijiyar kowa da garken kowa sirri ne da aka ba mai aiki ajiya, a ƙasar da ɓarayin shanu da masu satar mutane ke neman irin wannan sani ruwa a jallo.

Wanda ya ji zuciyarsa ta karkata ga wannan fanni, ba sai ya jira an ɗauke shi a jami'a zai fara ba. Manhajar QGIS kyauta ce, tana tafiya a kan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi. Hotunan Landsat da Sentinel kyauta ne. Taswirar OpenStreetMap kuma a buɗe take ga duk mai son ya ƙara titin unguwarsu ko sunan ƙauyensu. Lissafi dai ba makawa sai an riƙe shi, musamman na kusurwoyi da na ƙididdiga, haka ma Ingilishi ko Faransanci gwargwadon karanta littattafan fannin. Shawarata ita ce ya zaɓi mas'ala guda ƙarama a garinsu, wadda ya san ciwonta, kamar unguwar da ruwa ke kwanciya duk watan Agusta. Ya bi magudanan da ƙafa yana ɗaukar lambar kowace kwalbati da inda shara ta toshe, ya tambayi tsofaffi inda kududdufai suke a da kafin a cike su a yi gini, ya nemo hoton shekarun baya ya gwada da na bana, ya zana abin da ya samu a takarda guda mai ma'auni da alamar arewa da kwanan wata da bayanin inda kowane abu ya fito. Sa'an nan ya buga ta babba, ya kai wa mai unguwa, ya shimfiɗa a tabarma a gaban dattawa bayan sallar la'asar, ya riƙe fensir a hannu. Domin kafin a kira magariba za su gyara masa sunaye uku ko huɗu, su kuma nuna masa wata tsohuwar hanyar ruwa da ta bi ta ƙarƙashin gidajen da ya zana.